Ushangi, Wanda Ya Ƙi Ƙiba Don Randunan Lukari

Daga farkon bazara har a gama yankan inabi, Ushangi Kopaliani ba ya karya kumallo sai ya auna kansa. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai wani tsohon zoben ƙarfe, irin wanda ake ɗaure ganga da shi. Yakan ɗaga hannun dama sama, ya sauke kafaɗar hagu, ya zura zoben ta ka, ya sake shi. In zoben ya zarce ya buga daɓe, matarsa Tsiala takan ji daga madafa, ta ɗora masa wainar masara biyu da yankan cuku. In ya maƙale a ƙugu, waina ɗaya ce, babu cuku. Hukuncin zobe ba a yi masa magiya.

Faɗin zoben taƙi biyu ne, daidai da bakin randar da ta fi kowace ƙuncin baki a ƙauyen Lukari, can saman duwatsun Lechkhumi a ƙasar Jojiya. Randunan giyar inabi a nan binne suke a ƙasa har wuya, a gindin itatuwa bayan gidaje, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum. Kafin a zuba musu sabon inabi dole wani ya shiga ciki ya wanke su, domin ɗan dattin bara da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya mayar da wahalar shekara guda ruwan tsami. Shekara arba'in da 'yan kai, Ushangi ne ke shiga.

Yadda yake aikin bai canja ba tun da ya fara. Ya zura kyandir a igiya ya ga ko wutar za ta rayu, don iskar da ke kwana a gindin randa takan kashe wuta, takan kuma kashe mutum. Ya tuɓe ya rage gajeren wando. Ya sauka da soson ɓawon itacen ceri da ruwan toka, Tsiala tana sama tana miƙa masa ruwa, tana kwashe na datti da ludayin duma mai doguwar ƙota. Muddin yana ciki yana waƙa. Ba don daɗin murya ba, don ba shi da ita. Waƙar ce shaidar yana numfashi. In ta yanke, a ja igiya. In ya gama sai ya ɗebo ruwan ɗauraya na ƙarshe a kofi, ya fito, ya shanye a gaban mai gida. Ruwan da ba zai iya sha ba, ba ya yarda a zuba inabi a bayansa.

Baƙo zai ɗauka wahalar wannan aiki a cikin randa take. A kan teburi take. A Jojiya mutum zai yafe maka zagi, ba zai yafe maka ƙin cin abincinsa ba. Duk gidan da Ushangi ya wanke wa randa, teburi na jiransa: burodi mai cuku da zafinsa, wake a tukunyar ƙasa, kaza tsamo-tsamo cikin miyar tafarnuwa, tuwon masara yana tururi. Yakan zauna, ya yi wa masu gida addu'a, ya ɗaga kofi, ya gutsuri gefen burodi, sannan ya ɗora tafin hannu a kan farantinsa. Hannun nan an roƙe shi, an yi fushi da shi, wata tsohuwa ta taɓa ƙwala masa cokali. Bai ɗaga ba.

Maƙwabcinsa Bondo Gasviani, abokin wasansa tun suna yara, mutum ne da ba ya ganin ƙafarsa sai ya zauna.

"Sillen kara," yakan ce, "in iska ta taso ka riƙe rigata."

"Rigarka ai ta ishe mu duk ƙauyen," in ji Ushangi.

Amma Bondo ne ya fi kowa ba da labarin shekarar da ya faɗa tasa randar, mai faɗin baki kamar mai ita, washegarin da aka kwashe dusar inabi, ba kyandir ba waƙa, wai zai ɗauko wuƙar da ta suɓuce masa. Matarsa ta ji shiru ta kurma ihu. Ushangi ya tsallako shinge, ya cika ƙirji da iska, ya shiga da igiya, ya ɗaura wa Bondo a hammata, ya fito kafin numfashin ya ƙare masa. Jawo Bondo kuwa sai da aka haɗa da bijimi.

"Da na san sillen kara ne zai cece ni, da na haƙura na tafi da mutuncina," haka Bondo ke rufe labarin. Duk da haka, itacen da ke ci a murhun Ushangi kowane hunturu, Bondo ne ke faskara shi.

Kunyar wannan rama Tsiala ce ta ɗauke ta. Ƙaramar mace ce, mai ƙarfin hannu, kuma ko maƙiyinta ya san ta iya girki. Amma miji shi ne shaidar tukunya, nata kuwa haƙarƙarinsa ƙirguwa yake. Mata a wurin gashin burodi sukan ce, "Tsiala, ko a ara miki tukunya ne?" Uwarta ta taɓa hawowa daga garin Tsageri ta yi mako guda, ta ɗanɗana komai, ba ta sami aibu ba, ta koma gida da damuwar da ta fi wadda ta zo da ita.

Waɗanda suka fi sanin darajarsa su ne mutanen unguwannin sama, inda hanyar mota ta ƙare. A shekarun da wutar lantarki ta ɗauke, matasa suka watse neman aiki, gidaje da yawa a can ba su rage da kowa ba sai tsohuwa da kare. Ushangi yakan hau da soso a kafaɗa, Tsiala na biye da ludayi, su wanke randa su sauko da abin da aka ba su, wani lokaci kaza, wani lokaci "Allah ya saka". Abin ya wuce taimakon tsofaffi. Gidan da ba a wanke wa randa ba, inabinsa mota yake bi zuwa masana'anta, can kuwa ba a tambayar inabi sunansa. A zuba Tsolikouri a kan Ojaleshi, a auna, a sallami mutum. Bayan 'yan shekaru mai gona yakan tuge irin da ya gada ya dasa wanda ya fi nauyi a sikeli. Na farkon tafiya kullum shi ne Usakhelouri, baƙin inabin nan mai rowar 'ya'ya, wanda ba ya son ko'ina sai gangaren dutse mai farar ƙasa. In har yau ana samunsa a saman Lukari, to, akwai hannun wanda ya hana randuna zama wofi.

Kai ne, Ushangi, allurar da ta ɗinke wannan ƙauye: ba auki, sai aiki. Sunanka ba ya jikin kwalba ko ɗaya. Masu ɗaga kofi sukan yi wa ƙasa kirari, su yi wa kakanni, su yi wa waɗanda suka mutu da waɗanda ba a haifa ba, amma ba su cika tuna wanda ya durƙusa a duhu ya goge inda abin cikin kofin ya kwana ba.

Kakar bara waccan ya ce ya gama. Yana da shekara sittin da takwas, gwiwa ta fara ƙorafi. Ya miƙa soso ga Murman, ɗan ƙanwarsa, magidanci da ya dawo daga aikin gini a ƙasar Girka a bushe kamar kilishi. Ya zura masa zobe, ya wuce. A walimar ajiye aiki, a gaban jama'a, Ushangi ya ɗauke hannunsa daga kan faranti. Ya ci, ya ƙara, ya nemi ƙari. An ce wasu tsofaffin mata sun share ƙwalla.

Washegari Tsiala ta sauke zoben daga bayan ƙofa, ta kai shi akurkin kaji ta ɗora kaskon ruwa a kai. Sannan ta ɗaura ɗamara. Hunturun nan hayaƙi bai yanke a madafarta ba. Kafin bikin Ista, Ushangi ya yi kumatu, ya yi wuya, ya yi tumbin da maɓallan riga ke zaman ɗar-ɗar da shi. Ranar Lahadi takan bi da shi ta doguwar hanya zuwa coci, ta gaban kowane gida, tana tafiya sannu a hankali.

Ba wanda ya tuna cewa soso Murman ya gada, bai gaji zobe ba. Shekara guda ta girkin uwarsa da faskare ta dawo masa da ƙirjin ubansa. Da kakar da ta wuce ta zo, ya wanke randunan ƙauye kaf, ya hau gidan Lamara Asatiani, gida na ƙarshe kafin daji, ya zura ƙafa a tsohuwar randar nan mai ƙuncin baki, ya tsaya cak a haƙarƙari.

Lamara tana da shekara tamanin da ɗaya, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Gonarta ce ta fi kowace tsayi a Lukari, kuma Usakhelouri ce zalla. Ɗanta Temur, wanda ke aiki a birnin Kutaisi, ba mugun ɗa ba ne. Ya taɓa zuwa ya tarar da ita ta zame a ƙanƙara tana rarrafe zuwa ƙofa. Tun daga nan yake so ta koma wurinsa. Suka yi sharaɗi a gaban mutane: shekarar da randar ta kwana ba inabi, a shekarar za ta bi shi birni, a bar gonar. Ta yarda tana dariya, domin a lokacin Ushangi na nan kamar tsinke.

Ta sauko da sandarta ta tarar da shi a baranda, faranti a kan cinya. Ta daɗe tana kallon tumbin.

"Wannan na wa ne?" ta ce.

"Na Tsiala ne, Yaya. Ajiya ta ba ni."

"To ka mayar mata da kayanta. Inabina ya kusa."

Tsiala ta leƙo daga madafa. "Yaya Lamara, mutumin nan ya ajiye aiki. An yi walima. Ke kika ci cinyar kaza."

"Na ci. In kina so in biya ki kazar. Birni ne dai ba zan je ba. Temur ya nuna mini ɗakin. Hawa na bakwai, taga ɗaya, ita ma tagar wani take kallo."

Ushangi ya dubi abin da ke farantin. Rabi ya ci. Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, kare ya matso yana waiwaye, bai yarda da sa'arsa ba.

"Ina zoben?" ya ce.

"Kaji na amfani da shi."

"Ki ba su haƙuri."

Makonnin da suka biyo baya ƙauyen kaf ya zama mai gadinsa. Mai kanti ta ƙi sayar masa da biskit. Duk gidan da ya gifta sai a rufe tukunya. Kowace safiya yakan hau har makiyaya da buhun duwatsu a baya, ya dawo ya tarar da dafaffen ganye ba mai. Tsiala na ajiye masa tana cewa, "Da hannuna na gina, da hannuna nake rushewa." Bondo kuwa sai ya riƙa kawo abincinsa na rana bakin shinge yana ci a tsaye.

"Taimakonka nake yi, mutumina. In ka ga yadda nake ci, abinci zai fita ranka."

"Ya fita. Saura kai."

Wata safiya zoben ya buga daɓe. Tsiala ta ji daga madafa, ba ta fito ba.

Ranar da aka sa, gajimare ya taru a kan dutse. Usakhelouri in ya nuna ba ya jiran kowa. Ruwa ya ɗan daɗe a kansa sai fatar ta fashe, ya ruɓe a jikin uwarsa. Dole a wanke randa yau, a yanka gobe. Temur ya iso da mota, ya kwantar da kujerun baya. Bai faɗi dalili ba, kowa dai ya gane wurin kayan uwarsa ya gyara. Rabin ƙauye ya hawo kallo.

Ushangi ya cire riga.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Bondo.

"Naka rabon da a gan shi tun zamanin Sobiyet."

Kyandir ya sauka ya dawo da wutarsa. Ushangi ya zura ƙafafu. Ƙugu ya wuce, ciki ya wuce, mutane suka fara murmushi. Ya ɗaga hannun dama, ya nemi kafaɗar hagu ta sauka yadda ta saba, ta ƙi. Ya fitar da numfashi duka ya sake nema. Aka kawo man girki aka shafa masa. Kafaɗar da ta shekara ba ta lanƙwasa ba ta sandare a inda take. A gida zobe ne ke karkata ya bi jikinsa, shi bai lura ba. Randa kuwa ba ta karkata wa kowa.

Murman da Temur suka ɗago shi. Ya zauna a bakin randar, ƙafafu a ciki, fatar kafaɗa ta saluɓe.

"Ba ƙiba ba ce," ya ce. "Tsufa ne. Shi kuwa ba a yi masa azumi."



Murman ya tsuguna kusa da shi ya rage murya. "Kawu, mu ɗaura soso a doguwar gora mu goge daga sama. Ka sha ruwan, magana ta ƙare. Wa zai sani?"

"Ƙarƙashin wuyanta, inda take buɗewa, gora ba ta kaiwa. Nan datti yake kwana."

"Amma wa zai sani?"

"Su sai Ista za su sani. Ni yau na sani. Ba zan sha ba."

Temur ya dafa uwarsa. "Inna, ba laifin kowa ba ne. Motar masana'anta za ta zo gobe, ba za a yi asarar inabin ba. Har fenti na yi wa ɗakin."

Lamara ba ta dube shi ba. Gonarta take kallo.

Ushangi ya ɗaga kai. Tsiala na tsaye inda ta saba tsayawa, ludayi a hannu. Ya dubi kafaɗunta yadda kafinta ke duban katako.

"Kada ka kalle ni haka," ta ce. "Na san kallon nan. Da shi ka kalli Murman."

"Za ki wuce har da ragowar wuri."

Sandar Lamara ta daki ƙasa. "Mace? A randar kakan mijina? Ushangi, yunwa ta taɓa maka kai. Tun da aka binne ta mace ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. Tsami giyar za ta yi."

Haka aka taso aka ji a Lukari, Ushangi ma da bakinsa ya sha faɗa wa mutane haka. Duk wanda ke wurin ya sani.

"Na sha faɗa, Yaya," ya ce. "Ji na yi, ban gwada ba. Abin da na gwada shi ne: duk randar da na ga giyarta ta yi tsami, datti na tarar a ciki, kuma namiji ne ya bar shi."

"In ta yi tsami fa?"

"In ta yi tsami, kin yi asarar shekara guda, ki ce ni na jawo. In ta kwana wofi, hawa na bakwai."

Lamara ta leƙa bakin randar, ta dubi Tsiala.

"Ta cire 'yan kunne," ta ce. "Kada su karce mini randa."

"Ni dai ba wanda ya tambaye ni," in ji Tsiala.

"Tsiala, za ki shiga?"

"Da da wannan ka fara, tsoho, da yanzu na yi rabi."

Ta shiga ɗaka ta fito sanye da wandon makarantar Temur da tsohuwar rigar ubansa. Tana da shekara sittin da uku. Ushangi ya ɗaura mata igiya da hannunsa, ya duba ƙullin, ya sake dubawa. Ta zura ƙafa ta sauka kamar guga a rijiya. Shi kuwa ya yi abin da bai taɓa yi ba a bakin randa: ya kwanta rub da ciki a sama, igiya naɗe a hannu.

"Sai waƙa," ya ce.

"Waƙa kuma? Ko ranar aurena ban yi ba."

"Dole in riƙa jin muryarki. Ko me za ki faɗa ki faɗa, kada dai ki yi shiru."

"Ko me?"

"Ko me."

A shekara arba'in na aiki, wannan ne kuskuren da aka shaida ya yi.

Ta faro daga tushe. Ta faɗi yadda uwarta ta tafi lahira tana jin kunyar ramar surukinta. Ta faɗi kazar sabuwar shekara da ya sansana ya tura mata gabanta. Ta faɗi hoton aurensu, wanda baƙi ke tambaya wa ya jingina tsintsiya a gefen amarya. Ta lissafo matan da suka yi mata tayin aron tukunya, suna bayan suna, wasunsu na tsaye a wurin suna gyara kallabi. Randa na ɗaukar muryar ta ninka ta jefo sama, har makiyayan ƙetaren rafi suka ce sun ji. A ƙarƙashin muryar ana jin soso yana tafiya, bai tsaya ba. Bondo, wanda aka ba ludayi, dariya ta sa rabin ruwan a ƙafarsa yake ƙarewa.

"Hagu," in ji Ushangi. "Ƙarƙashin wuya."

"Na san wurin. Shekara nawa ina jin inda muryarka ke shaƙewa?"

Can rana ta karkata, tana tsakiyar labarin wata riga da ta ɗinka masa sau biyu tana ragewa, sai muryar ta yanke. Soso ma ya tsaya.

"Tsiala."

Shiru. Igiyar ta miƙe a hannunsa, ya riga ya durƙusa zai ja.

"Tsiala."

"Numfashi nake, tsoho. Ko shi ma sai da izini?"

Ya koma ya kwanta. Waɗanda ke kusa sun ce igiyar ta bar masa shati a tafin hannu har washegari.

Can ta miƙo kofin ruwan ƙarshe. Ushangi ya ɗaga shi ga haske, ya sansana, ya kifar a ƙasa.

"Saura."

Abin da ya fito daga randar a lokacin ba na bugawa a takarda ba ne. Amma soso ya ci gaba. Kofi na gaba ya duba, ya sansana, ya sha rabi. Lamara ta miƙa hannu ta karɓi sauran ta shanye, ta goge baki da bayan hannu.

"Ku fito mini da ita," ta ce. "Temur, ka ta da kujerun nan, ka je ka kwaso kwanduna."

Washegari aka yanke inabin, ruwa ya sauko ana rufe randa. An buɗe ta a makon Ista. Lamara ce ta fara ɗanɗanawa, ta juya ruwan inabin a baki, ta sa kowa jira.

"Bai fi na bara ba," ta ce. "Bai kuma gaza ba."

A bakin Lamara, wannan ita ce iyakar yabo.

Ushangi, mutane za su daɗe suna ba da labarin ranar don dariya, kuma ta cancanta. Amma a rubuta abin da aka gani. An ba ka hanyar da za ka rufa wa kanka asiri da kurɓi ɗaya, ka ƙi. Ka tsaya a gaban ƙauyen da ka shekara arba'in kana faɗa wa wata magana, ka ce ji ka yi, ba ka gwada ba. Ka sauka daga matsayin mai shiga ka koma mai riƙon igiya, ba ka ɓata fuska ba. Shiga randa gwaninta ce. Waɗannan ukun sun fi ta wuya.

Tsiala ta ce sau ɗaya ne, ta riga ta faɗi abin da ke ranta, ba ta da sauran dalilin shiga. Murman ya koma waina ɗaya. Mata biyu daga unguwar ƙasa sun fara zuwa koyo, Ushangi yana kwance a sama yana faɗa musu hagu da dama. Biyu ba su isa ba. A tsakanin Lukari da ƙauyukan da ke bayan dutse akwai randuna da aka rufe da allon dutse aka tafi, da gonakin da ciyawa ke hawa. Wanda yake da jikin shiga, mace ko namiji, ya hau ya same shi tun yana iya nunawa. Wanda ba shi da jikin, ya riƙe igiya. Wanda kuma abin da ya iya ɗaga kofi ne kawai, to, ya ƙara suna ɗaya a kirarinsa.

Mun gode, Ushangi Kopaliani. Mun gode, Tsiala. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta kafaɗa.

A watan jiya an ga Lamara a saman gonarta, inda dutse ya fara, tana durƙushe tana dasa sababbin rassan Usakhelouri. Inabi ba ya ba da abin kirki sai ya shekara huɗu. Ita ta gama nata lissafin. Saura wanda zai shiga.